Kifin da Ambaliya Ta Kai Wani Kogi

Nima, Accra

Yaya Ƙaltume,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya mutanen Maraɗi? Ni lafiya lau, ɗinki na tafiya, kada ku damu.

Ran Lahadi maƙwabciyata Sala ta kira ni kallon katun da 'ya'yanta. Labarin wani kifi ne da ambaliya ta kai baƙon kogi, in ya yi magana sai sauran kifaye su kwaikwaye shi. Autarta Latifatu ta nuna ni ta ce, "Anti, kai ne wannan!" A nan mace ma "kai" ake ce mata. Aka yi ta dariya, har da ni. Ban jira ƙarshen fim ɗin ba, na ce na bar tukunya a wuta.

Don Allah ki ɗauki muryar Inna a waya ki turo mini, ko faɗa take yi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Fa'iza