Haɓon Sadiya a Wurin Koyon Nutso

Yaya Binta,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Mu a Manchester lafiya lau.

'Yarki Sadiya ta fara koyon nutso da tukunyar iska a baya. Ranar Asabar ta shiga ruwa da mura, sai ta fito da haɓo, gilashin fuskarta duk jini. Na ruga zan ɗaga mata kai sama yadda Inna take yi mana muna yara, malamar nutson ta ce a'a, Sadiya ta sunkuya ta matse hancinta. Jinin ya tsaya, amma an hana ta ruwa sai ta warke. Hanin ne ya sa ta kuka, ba jinin ba.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaishe da Inna, amma kar ki gaya mata jikarta tana nutso.

Ƙanwarki,
Hauwa