Wasiƙar Nura da Injin Yaya

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan Isha'i

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ina son Nura. Ko in ce ina son sa har zuwa la'asar ɗin yau. Duk littafin soyayyar da na karanta, fuskarsa nake sa wa jarumin. Tir!

Tun shekaranjiya injin intanet ɗin shagon Yaya Sabi'u ya maƙale. Masu rajistar jarrabawa daga Dangora da Badafi suna ta tsaki suna komawa shagon kawun Nura. Yaya ya ce injin kamar mai rumbuna da yawa ne: kowane saƙo ya shigo, sai ya yi ɗan lissafi ya san rumbun da zai zuba shi. Wani mugu ya gano lissafin, yana turo saƙonni ba iyaka, duk suna faɗawa rumbu ɗaya, injin ya shaƙe wajen lalube. Maganin wai a cusa lambar sirri cikin lissafin. Yana can yana fama, ko tuwo bai ci ba.

Ɗazu Nura ya dawo min da littafina, da 'yar wasiƙa a ciki. Na ɓuya bayan ɗaki na buɗe. Wai: "Sarauniyar kunya, kin ga aikina? Ni na kwantar da injin yayanki. Ki bar shi tsakaninmu."

Burge ni zai yi da shagon da ke ciyar da gidanmu? Ɗan banza! Har da zanen fure a ƙasa.

Allah ya sani, na so in ajiye ta ƙarƙashin filo. Amma Yaya na shigowa, a hannunsa zan sa ta.