Yaushe Za a Kawo Wuta?

Laraba da dare, unguwar Bromakoté

Sati guda na yi ina shirya darasin yau kan yadda kamfani ke tsayar da farashi. Ina tsaka da bayani a ajinmu da ke unguwar Treichville aka ɗauke wuta. Sai Hadiza, ɗalibar da ba ta taɓa buɗe baki ba, ta ɗaga hannu. Har na ji daɗi.

"Malam, tunda kun yi aiki a kamfanin lantarki, yaushe za a kawo?"

Shekara shida da barin aikin nan, amma har limaminmu da tambayar yake tare ni. Kasuwanci nake koyarwa, jama'a!

Na daka mata tsawa, ta sunkuyar da kai. Abin haushin, na san amsar: ƙarfe huɗu. Huɗun kuwa aka kawo.