Shafi Goma Sha Ɗaya na Babi na Biyu

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ciwon gwiwarsa. Yaya shago, yaya kwamfutar nan taki mai nishi?

Umma, raina a ɓace nake rubuto miki. Wai ni aka kira ɓarauniya! Sun zuba kundina na kammala digiri a wata manhaja mai kama satar rubutu, ta ja wa shafi goma sha ɗaya jan layi a babi na biyu. Shugaban sashe ko kujera bai ba ni ba, ya miƙo mini takardar kwamitin ladabtarwa kamar mai miƙa wa kare ƙashi. In suka tabbatar, kora ce, shekara huɗu ta bi ruwa. Ni da na yi wata biyar ina bin rijiyoyin unguwa da kwalabe ina ɗiban ruwan gwaji, har takalmina ya tsinke!

Akwai wani ofis a bayan laburare inda ake taimaka wa ɗalibai da rubutu. Malamar wurin, mai tabarau a goshi, ta ce hujjata ɗaya ce: littafin da na rubuta da hannu, wanda na aiko miki kika buga mini. Don Allah ki ba direba shi gobe. Zan watsa musu shi a tebur su ji kunya.

Taki,
Auta

Umma,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Littafi ya iso, na kuma gane dalilin da ya sa kwana uku ba kya ɗaga wayata.

Malamar ta shimfiɗa rubutun hannuna gefen wanda kika buga, muka bi layi-layi. Babi na ɗaya daidai. A babi na biyu, shafina shida sun yi ɓatan dabo, sha ɗayan wani sun zauna a gurbinsu. Kundin wani ne da ya gama shekara takwas da suka wuce, kuma a ƙarshensa ga sunan shagonki cikin godiya.

Haba Umma! Tun ina ƙarama nake jin kina cewa babi ya rame, bari a ƙara masa kumari, ki buɗe tsofaffin fayil ki ɗebo. Dariya nake yi lokacin. Ban taɓa zaton za ki dubi aikina ki ga ramamme ba. Shafukan da kika yar, hirata ce da masu sayar da ruwa, da bakinsu suka gaya mini rijiyar da ke sa yara zawo. Kika cire su don ba su da manyan kalmomi.

Ni ma ba wankakkiya ba ce. Na karɓa, na sa hannu, na miƙa ban karanta ba, don cewa nake aikin uwata ba ya buƙatar dubawa. Malamar ta gaya mini wannan ba tare da kwana-kwana ba, na ji haushinta, amma gaskiyarta.

Kwamiti zai tambayi wanda ya buga. Duk shagon da aka ambata, ana manna sunansa a allon sanarwa, a hana ɗalibai zuwa. Na san da ɗalibai shagon nan ke numfashi. Kin ga inda kika ajiye ni.

'Yarki,
Auta

Ummata,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba ya ce kin daina cin abinci sosai. Ki ci, don Allah, fushina bai kai nan ba.

An yi zama ranar Talata. Malamar ta raka ni ta zauna a bayana. Na ajiye littafin, na faɗi gaskiya, na ce a gida aka buga. Sau uku shugaban kwamitin ya nemi sunan wanda ya buga, sau uku na ce laifin sa hannu nawa ne. Ba su kore ni ba, amma ba zan fita da 'yan ajinmu ba. Zango ɗaya aka ƙara mini. Rigar yaye da kika ɗinka ta jira baɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wata farfesa ta karanta shafukan nan shida a gaban kowa, ta ce su ne mafi kyau a kundin kaf. Su kika cire, Umma.

Yanzu kullum ina ofishin nan, ina koyon yadda ake ambatar mai magana a ba shi haƙƙinsa, ina bugawa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsaga. Ki goge fayilolin nan kafin ki jefa 'yar wani a inda kika jefa taki. In ba ki goge ba, ba zan sake yin shiru a madadinki ba.

Shafin sadaukarwa kuwa na bar shi yadda yake, da sunanki a kai. Ke kika buga shi, kuma na duba, ko wasali ba ki ƙara ba.

Taki har kullum,
Auta