Fiffiken Jirgin Inna

Ummakulsum,

Na wuce tasha, jirgin ƙasa na Kaduna ƙarfe bakwai zai tashi. Na ga kin koma barci bayan asuba, ban so in tashe ki ba.

Ɗan jirgin saman da na yi wata biyu ina haɗawa yana kan kabad ɗinki. Kin san don Inna na yi shi, ta ga irin wanda zai kai ta Makka, hankalinta ya kwanta. Jiya da la'asar kina gidan suna na miƙa mata. Tana ɗagawa, fiffiken hagu ya ɓalle ya faɗo mata a cinya. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a cikin wannan za ka saka ni?" Wai a ba wani kujerar, ita ta fasa.

Laifina ne, gam ɗin ba shi da ƙarfi. Na taka Sabon Gari, Uchenna mai gyaran rediyo ya ba ni nasa. Na manne, na sake shafa koren fenti.

Don Allah kada kowa ya taɓa sai bayan azahar. In ya bushe ki kai mata da kanki, ki bar ta ta jijjiga shi iya ƙarfinta. Maganarki take ji, ni kuwa har yau kallon yaro take mini. Tun rasuwar Baba take burin tafiyar nan, kada wasana ya hana ta.

In ya sake ɓallewa, ki rantse mata na gasken ba ni na haɗa shi ba.

Naki,
Wali