Tulun Surukata Ke Ɓata Giyar, Ni Ake Zargi

Anti Lulong, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Gawai, bikinmu na girbi, ta matso, kuma a cikin bikin za a yi auren Empiang, ƙanwar mijina. Ni aka ɗora wa yin tuak, giyar da za a tarbi dangin ango da ita, alhali sau biyu a jere giyar shinkafar da na yi tana lalacewa.

Ta bara tsami ta yi kamar ruwan tsamiya. Baƙi suka kurɓa suka ajiye kofi, wata tsohuwa ma ta juya ta tofar ta tsakanin katakon baranda, a kan idona. Ta kwanan baya kuwa, na tace na ɗura a kwalabe, sai ga farar yana a wuyan kowace. Daga baya guda ta fashe a ƙarƙashin gado da rana tsaka, gilas ya yanki mijina Jimbun a diddige. Har yanzu ɗingishi yake.

Kin san halin dogon gida irin namu, inda iyalai da yawa ke zaune ƙofa da ƙofa, in tuak ya yi tsami ba a duba tulu, mai yin ake kallo. Surukata ta ce ko dai na ci ɗanyen mangwaro ranar da na haɗa shinkafa da ragi, wato yis ɗin da ke tayar da giyar, ko da fushi a raina na rufe tulun. Na rantse ban ci ba, fushin ma sai daga baya ya zo. Matan ƙofar da ke kusa da mu sun laƙaba mini Mai Hannun Tsami, in na wuce su ce kada in taɓa musu rake. Ina dariya da su, in shiga ɗaki in yi kuka.

Tulun nan na kakar surukata ne, a cikinsa aka yi giyar aurenta. Ba a sa masa sabulu, ba a zuba masa ruwan zafi, ɗauraya kawai, wai tsohon ƙamshin da ke ciki shi ne albarkar gidan. Tun rasuwar mijinta kullum da safe sai ta shafa shi. Ni kuwa da na zura hannu na ji siririyar tsaga daga wuya har ciki, ta waje ma ana jin ta, cike da baƙin datti da farce ba ya cirowa. Muciyar ma duk ta tsattsage. Sai lokacin yin ta kwanan bayan na ɗebi kaɗan daga shinkafar da na haɗa, na zuba a sabuwar kwalba mai faɗin baki, na ajiye a ɗakin ƙawata. Anti, garau ta fito, ga zaƙi.

Na gaya wa Jimbun, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru, wai tsohuwa ba za ta ɗauka ba. To in na yi shiru giyar auren Empiang ta lalace a gaban surukanta, sunan nan ya bi ni har kabari. In na yi magana kuma, na ce wa dattijuwa kayan gadonta ƙazanta ne ke nan. Ina ƙaunar matar nan, ita ta kula da ni lokacin da na haihu. Ga shinkafa an tanada, makon nan za a dafa. Yaya zan yi?

Mai Hannun Tsami, daga Saratok

'Yata, fara da ajiye wannan suna, ba naki ba ne. Tsaga a tulu da tsagewar muciya nan ne maɓoyar ƙwayoyin da ke tsamar da giya. Ɗauraya ba ta kai musu, sabulu ma ba zai kai ba. Tulun ya gama aikinsa.

Amma kada ki wanke kanki tas. Ba ki ce mini komai kan wankin kwalabenki ba, da tiyon da kike ɗurawa da shi, da ƙyallen tacewa. Kwalba ba ta fashewa sai giya na ci gaba da tashi a cikinta: ko kin ɗura kafin ta kwanta, ko kwalbar ba ta wanku ba. Sauran na ƙarƙashin gado ki lulluɓe su da tawul mai kauri, ki fitar waje, ki buɗe a hankali ki zubar, yau ɗin nan. Tiyon roba in ya dushe ko ya karce, yar da shi. Kwalabe ki cuɗe da burushi da sabulu, ki tafasa, ki kife su bushe, ki sa sababbin murafe. Ƙyallen ma a tafasa shi, ki koma juyawa da cokalin ƙarfe.

Surukarki kuwa kada ki je mata da hujja, kada a gaban mutane, kuma kalmar ƙazanta kada ta fito daga bakinki. Kai mata kofi ɗaya na giyar gwajin, ki bari ta sha. Ki ce kina tsoron tulun ya rabe biyu in an cika shi, ai gaskiya ce. Ki roƙe ta ita ta barbaɗa ragi a sabon mazubi da hannunta, shi kuma tulun a ɗaura masa saƙi, a cika shi da shinkafar sabon girbi, a ajiye a baranda ranar biki inda dangin ango za su gani. Jimbun ya zauna tare da ku. Uwarsa ce, diddigensa ne ya yanke, bai dace ya bar miki wannan ke kaɗai ba. In ta ƙi, ki yi kaɗan a tulu, mai yawa a sabon mazubi, da saninta.

Ba na jin za ta ƙi. Matar da ke shafa tulu kowace safiya ta riga ki sanin tsagar nan, ya dai fi mata sauƙi ta ce mangwaro ne da ta ce abin da ya rage mata ya tsufa. Tana jiran wanda zai faɗa ne ba tare da ya kunyata ta ba.

Allah ya ba Jimbun sauƙi, ya sa kofin farko na giyar auren Empiang ke da surukarki za ku sha tare.