Tabon da Ya Gagari Mai Wanki

Litinin, 3 ga Maris
Tun ina budurwa nake sana'ar wanki da guga, ba tabon da ya taɓa gagarata. Yau baƙin kamfan 'yata Auta ya sha ni. Tsakiyarsa ta koɗe kamar an ɗiga bilic. Na cuɗa har yatsuna suka yi zafi, yana nan.

Laraba, 5 ga Maris
Na tsare ta da ta dawo daga shago. Wai farin ruwa take gani, wani lokacin yana yauƙi, ba ƙaiƙayi ba wari. "To Mama, laifi ne?" Na ce 'yar mai wanki da ƙazanta? Allah ya kiyaye! Na ba ta sabulu mai ƙamshi da ruwan maganin da nake jiƙa zanen gadon masu jinya, na ce ta riƙa tsarki har ciki, safe da yamma. Tsafta dai ba a koya mini.

Alhamis, 13 ga Maris
Ta daina sa kayanta a kwandon wanki.

Lahadi, 16 ga Maris
Na lura zama ma da ƙyar take yi. Sai da na rantse ba zan yi faɗa ba ta buɗe baki. Ƙaiƙayi kamar ta cire fatar, fitsari da raɗaɗi, ruwan ya koma guda-guda kamar madarar da ta tsinke. Kwana nawa tana ɓoye mini! Na ce gobe sai asibiti.

Litinin, 17 ga Maris
Asibiti. Na shirya in yi bayani, Auta ta riga ni. Tiryan-tiryan ta faɗa wa nas komai, ba in-ina ba sunkuyar da kai. Wallahi ni a shekarunta da sai dai in mutu da abina. Sai da na ji kaina ya yi girma.
Nas ta ce na farkon lafiya ce, jiki ne ke wanke kansa, kuma ɗan tsaminsa kan koɗar da baƙin yadi. Abin zuwa asibiti shi ne ƙaiƙayi, ƙarni, ciwon mara, ko ruwan ya koma kore ko ruwan ɗorawa. Tsarki kuma ruwa zalla, daga waje.
Ta ce ruwan maganin da take tsarki da shi ne ya jawo ƙaiƙayin, sannan ta tambaye ta, "Wa ya ce ki sa wannan maganin?"
Auta ta ce, "Wata ce a layinmu."
Wata a layinmu. Hmm.

Talata, 18 ga Maris
Kwalbar maganin ta koma wajen zanen gado. Dama can ne wurinta.

Asabar, 29 ga Maris
Ta warke, har da tsokanata wai likitar unguwa. Na ce ta kiyaye ni.
Ɗazu ina juye kwando sai ga baƙin kamfan nan a sama, ba a ma naɗe shi cikin komai ba. Tabon na nan. Sau ɗaya na cuɗa, na ɗauraye, na shanya. Iska ce ta sa mini ƙasa a ido, shi ya sa na daɗe a bakin igiya.